Jinkiri tsakanin sabarmu ta Frankfurt da ta Amsterdam: ina zan duba?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a taimaka min, abin nan ya hana ni barci.

Muna da sabar guda biyu, ɗaya a cibiyar ajiyar bayanai a Frankfurt, ɗaya a Amsterdam, suna kwafar rumbun bayanai a tsakaninsu. Na ɗora SmokePing, manhajar auna jinkirin hanyar sadarwa, yadda ya zo: ping (ɗan saƙon gwaji da ake auna zuwansa da dawowarsa) 20 duk bayan daƙiƙa 300. Jadawalin lafiya lau, layin a miƙe. Amma kullum da daddare kwafar sai ta riƙa jan ƙafa, har abokan hulɗa su fara kira. Idan na kunna mtr, manhajar bin sawun hanyar da saƙo ke bi, a lokacin, ba na ganin komai.

Zargina biyu ne. Ko dai tazarar minti 5 ta yi faɗi, cunkoson ya zo ya wuce tsakanin awo da awo, ko kuma ICMP, tsarin da ping ke amfani da shi, ba ya nuna abin da TCP, tsarin da kwafar ke amfani da shi, ke sha a hanya. Zuciyata ta fi karkata ga na biyun.

Shin in rage tazarar, duk da sai na sake fayilolin RRD da SmokePing ke adana awo a ciki, tarihin ya tafi? Ko in koma manhajojin sa ido na Prometheus da blackbox_exporter in auna TCP kai tsaye, manhajar Grafana ta zana jadawalin? Wanda ya taɓa fama da irin wannan, ya ya yi?