Yaya ƙungiyar malamai ta ɗora ɗanta a kujerar magajin garin Shikago?

Tambaya:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Na ji cewa Brandon Johnson, wanda ya ci zaɓen magajin garin Shikago a Amurka a watan Afrilun 2023, tsohon malamin makaranta ne kuma jami'in ƙungiyar malaman birnin. Ni ma malama ce, kuma abin ya ɗaure mini kai. Ta yaya ƙungiyar da aka sani da fafutukar albashi ta kai ga haka?

Amsa ta farko:
Wa'alaikumus salam, Malama. A 1995 dokar jihar Illinois, inda Shikago take, ta ba magajin gari ikon naɗa hukumar makarantu, saboda haka duk wanda ya hau kujerar ya zama ubangidan malamai. A 2012, ƙarƙashin jagorancin Karen Lewis, malamai sun yi yajin aikin da ya rufe azuzuwa kwana bakwai a zamanin magajin gari Rahm Emanuel, amma duk da haka a 2013 aka rufe makarantu kusan 50, galibinsu a unguwannin baƙaƙen fata marasa galihu. Daga nan ƙungiyar ta gane cewa yajin aiki kaɗai ba zai fisshe ta ba. Ta mara wa Jesús García baya a 2015, ya kai Emanuel zagaye na biyu kafin ya faɗi. A 2023 kuwa, malaman da suka tashi daga aji da yamma su ne suka bi gida-gida suna ƙwanƙwasa ƙofa, iyaye kuma sun san fuskokinsu. Johnson ya doke Paul Vallas, ɗan takarar da ƙungiyar 'yan sanda ta goya wa baya, da kusan kashi 52 cikin ɗari.

Amsa ta biyu:
Bayaninka ya gamsar, Malam, sai dai akwai abin da ke damuna ƙwarai. Idan aka zauna cinikin albashi, wa zai kare aljihun birni, alhali mai nema da mai bayarwa 'yan gida ɗaya ne? A watan Oktoban 2024 dukkan mambobin hukumar makarantu sun yi murabus a tsakiyar rikicin bashin dala miliyan 300 da Johnson ya so a ciyo amma shugaban makarantun, Pedro Martinez, ya ƙi amincewa, kuma a Disamba aka sallame shi.

Amsa ta uku:
Ku tuna kuma cewa a Nuwamban 2024 jama'ar birnin sun zaɓi mambobi goma na hukumar da kansu a karon farko, kuma 'yan takarar ƙungiyar ba su samu rinjaye a cikinsu ba.