Sabar ajiya ta cika: a ƙara akwatin USB ko na SAS?

Bakatsine_07:
Assalamu alaikum. Saba ce (kwamfutar ajiya) mai manhajar TrueNAS, gurbin faifai 8, duk sun cika. Ana so a riƙa ɗora akwatin fayafayai kan akwati duk sanda wuri ya ƙare, ba sai an sauya sabar ba. Akwatunan USB masu gurbi 5 sun fi araha. Za su yi, ko dole sai SAS, wato irin mahaɗin fayafayan da manyan saba ke amfani da shi?

Injiniyan_Rak:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ɗora ZFS, tsarin ajiyar da TrueNAS ke amfani da shi, a kan USB. Da yawa daga cikin akwatunan nan suna ɓoye lambar kowane faifai, wasu ba sa fitar da bayanan SMART, wato rahoton lafiyar faifai, don haka faifai zai fara lalacewa ba ka da labari. Ga shi kebul ɗin na motsawa kaɗan sai biyar ɗin su ɓace lokaci guda.

Nemi katin LSI 9207-8e mai manhajar IT, domin ya miƙa fayafayan ga ZFS kai tsaye ba tare da ya yi nasa RAID (haɗa fayafayai su zama kamar ɗaya) ba. Sai akwati irin NetApp DS4246 na hannu: tsayinsa 4U, yana cin faifai 24 masu inci 3.5. Ramukansa QSFP ne, na katin kuma SFF-8088, saboda haka kebul mai kai biyu daban za ka saya. Daga kati ka shiga ramin da ke da alamar murabba'i. In akwati na biyu ya zo, sai ka fito daga mai alamar da'ira ka shiga murabba'in sabon. Idan fayafayan SATA ne, ba SAS ba, yi amfani da IOM6 na sama, wato na saman cikin alluna biyu masu ramuka da ke bayan akwatin, domin hanya ɗaya fayafayan suke da ita.

Hajiya_ZFS:
Injiniya ya yi bayani, amma inda aka fi yin asara shi ne rabon fayafayan. Kowane akwati yana rataye ne a kan kebul ɗaya. In ka haɗa faifai 6 su zama rumbu ɗaya da tsarin RAIDZ2, uku a saba uku a akwati, kebul ya zare, ka rasa uku alhali biyu kawai tsarin ke jurewa, rumbun duka ya tsaya. Ko dai kowane akwati ya zama rumbu mai zaman kansa, ko ka yi madubi, wato faifai biyu masu bayanai iri ɗaya, ɗaya a nan abokinsa a can. Kuma a jeren sarƙa, in na farko ya mutu, na bayansa ma sun tafi. Tunda katin na da rami biyu, bai wa kowane akwati nasa kebul ya fi.

Akwai kuma lissafin gudu. Kebul ɗaya layi 4 ne, kowanne 6Gb/s, wato kusan 2,400MB a daƙiƙa. Faifai 24 masu ba da 200MB kowanne suna neman 4,800MB. A aikin yau da kullum ba za ka ji ba, sai ranar da ake sake gina faifan da ya mutu. Shi ya sa ma a guji fayafayan SMR, masu jinkiri wajen dogon rubutu irin wannan, a sayi nau'in CMR.

Mai_Solar:
Ɗan'uwa, kar a manta da wuta. Faifai mai inci 3.5 yana jan kusan amfiya 2 a layin 12V lokacin tashi, ya ninka abin da yake ci yana zaune sau da yawa, don haka a auna inbata da nauyin tashi. Saba da akwati su zauna a kan UPS ɗaya, wato batirin da ke riƙe su in wuta ta ɗauke. A kunna akwati tukuna, a jira fayafayan su tashi, sannan saba. Kashewa kuma saba ce farko. Iska daga gaba take shiga ta fita ta baya, kada a manna shi da bango, kuma a bar tire a guraben da babu faifai don iskar ta bi ta kan fayafayan.

Bakatsine_07:
Allah ya saka da alheri. Tsofaffin fayafayan da ke zuwa da akwatin fa?

Injiniyan_Rak:
Sau da yawa sashensu, wato ƙaramin gurbin da faifai ke rubutu a ciki, bayit 520 ne, TrueNAS ba za ta karɓa ba. Mayar da su 512 da `sg_format --format --size=512`. Yana goge komai kuma yana cin sa'o'i, kada wuta ta ɗauke a tsakiya.