Tseren da ba ka ganin abokin karawarka: wane suna za mu ba shi?

Jama'a, assalamu alaikum. Kalma ɗaya nake nema, kuma ga mafarin zancen.

Ɗan yayana yana cikin ƙungiyar tseren keke ta kwalejinsu. Da ya zo hutu ƙauyenmu, nan gefen Ringim, kullum ana idar da sallar asuba sai ya kifa hular kwano, ya ɗaure wayarsa a kan keke da roba, ya hau kwalta. Akwai wata kuka da yake zuwa ya juyo. Yana dawowa, tun kafin numfashinsa ya daidaita, wayar nan yake fara dubawa. Ran nan ya shigo yana haki, Inna tana dama koko a tsakar gida, ta ce, "Kai maigidana, wa ya biyo ka?" Ya ce, "Tsere nake koyo, Inna." Ta ce, "Kai da wa?" Ya ce wai sunansa taim tirayal. Sai ta juyo ta dube ni, da yake ni ke koyar da Hausa a gidan. Tun ranar abin yake cina.

Ga yadda tseren yake. Ba a sakin mahaya gaba ɗaya kamar sukuwar dawaki. Ɗaya bayan ɗaya ake sallamar su, yawanci tazarar minti 1 ko 2, kowa ya bi hanya iri ɗaya, a rubuta lokacin da ya ɗauka. Wanda lokacinsa ya fi ƙanƙanta shi ya ci, ko da shi ne na ƙarshen tashi. Babbar dokarsa ita ce ba a laɓewa a bayan wani. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke ya fuskanci iskar hunturu, sannan ya samu bayan tifa ya fake, ya san bambancin: ƙafa sai ta ji kamar an sauke mata buhu. A tseren gama-gari da wannan dabara ake rayuwa, mai wayo ya yi ta shan inuwar wasu, sai dab da ƙarshe ya fito. A nan kuwa ko ka cim ma wanda ya riga ka tashi, dole ka ware gefe ka wuce shi.

Asalinsa Ingila ne. A 1890 hukumar 'yan keke ta can ta hana tsere a kan titunan jama'a saboda sa-in-sa da 'yan sanda, shi ne a 1895 aka fito da wannan hanya: a fita da sassafe, kowa shi kaɗai, sanye da baƙaƙen kaya, yadda mai wucewa ba zai gane gasa ake ba. Sammakon yaronmu ke nan, ashe yana da kakanni.

To, ga abin da aka kawo mini zuwa yanzu.

Wani abokin aikina ya ce "gwajin lokaci". Ban karɓa ba. Turancin ne aka sa masa babbar riga, kuma Bahaushe in ya ji, zai zaci agogo ake gyarawa ana duba ko yana tafiya daidai. Babu keke a ciki, babu gumi. Wani ya ce "tseren kaɗaici", yana da daɗi a kunne, amma zai karye da zarar an zo kan na ƙungiya, wanda shi ne ma yaron zai shiga.

Baba mai faci na bakin kasuwa, wanda ya fi shekara 30 yana gyaran Raleigh da Phoenix, bai ko ɗago daga tayar da yake tsomawa a ruwa ba ya ce, "Ai wannan da agogo yake tsere." Nan na tsaya. Faransawa ma, sunan da suke kiransa ma'anarsa ke nan, karawa da agogo, kuma Baba bai taɓa jin Faransanci ba.

Saura mu zaɓa tsakanin "tseren agogo" da "tsere da agogo". Na farko ya fi sauƙin faɗa, na yarda. Sai dai muna cewa tseren dawaki, tseren raƙuma, tseren keke, kuma a kowanne abin da aka ambata shi ke gudun. Ƙaramar kalmar nan "da" ita ke mayar da agogo abokin hamayya, ita ce kuma amsar tambayar Inna. Ni a kan "tsere da agogo" na tsaya. Masu cewa ya yi tsawo su tuna mun saba da "gudun yada ƙanin wani" a labaran wasanni, ba wanda harshensa ya karye.

Kuma agogon nan abokin gaba ne na gaske. A Tour de France ta 1989, babbar gasar keke ta Faransa, Laurent Fignon ya shiga ranar ƙarshe yana gaban Greg LeMond da sakan 50. Zangon ƙarshen tsere da agogo ne, kilomita 24.5 zuwa cikin Paris. LeMond ya fi shi da sakan 58, ya ɗauke gasar mako uku da ratar sakan 8. A 2025 kuma, da aka yi gasar duniya a Kigali ta Ruwanda, karo na farko a Afirka, Remco Evenepoel na Beljiyam ya kamo Tadej Pogačar wanda ya riga shi tashi da minti biyu da rabi, ya wuce shi.

Na ƙungiyar shi ya fi ba ni wuya. A nan an halatta laɓewa, amma a bayan ɗan ƙungiyarku kawai. Suna jeruwa taya na bin taya, na gaba ya sha iska na ɗan lokaci, ya zame gefe ya koma baya, na biye ya karɓa. Kuma yawanci ba lokacin wanda ya fara isa ake rubutawa ba. Ana jiran wani adadi ya tsallake layi, na uku ko na huɗu ko na biyar, gwargwadon dokar gasar. Saboda haka gwanin da ya fizga ya bar 'yan'uwansa, ƙungiyarsa ya kayar.

An ba ni shawarar "na gayya", don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ma'anar ta yi, amma kalmar tana da wata fuskar, kamar a "da gayya ya yi", kuma gayyar noma ba ta da adadi. Ni "ayari" ya fi kwanta mini. Ayari a jere yake tafiya, yana da madugu a gaba, ba ya kuma zubar da mutanensa a hanya. Bambancin kawai, a nan karɓa-karɓa ake yi da maduguntar.

Ke nan: tsere da agogo na ɗaiɗai, da tsere da agogo na ayari.

Na gwada su a gida jiya. Inna ta ce, "To, agogon ai ba ya gajiya, sai ka ƙara koko." Ba ta nemi ƙarin bayani ba.

Abin da ban gama warwarewa ba shi ne sunan fakewar nan a bayan wani. Ina amfani da "laɓewa", yaron kuma ya fi son "shan inuwa". Mutanen Haɗeja, Gumel da Kazaure, da na Kano masu kai kaya kasuwa a keke, me kuke ce mata idan kun samu bayan mota?