Layukan launi sun cushe a wuyan bututun tankina

Ɗalibi: Assalamu alaikum. Na zuba samfurin tankin matsi da epoxy (wata irin roba mai daskarewa da haske ke ratsawa), na hura masa iska yana cikin tanda, na bari ya huce a hankali har takurar, wato ƙarfin da matsin ke haifarwa a cikin bango, ta daskare a jikinsa. Da na yanki falle na sa shi tsakanin gilasan polariza masu tace haske, layukan launi da ake ƙirgawa don auna takura sun fito sarai a bango, amma a wuyan bututu sun cushe, na kasa ƙirgawa. Mako uku na yi a kansa. Ya zan yi?

Tsohon Ma'aikaci: Wa alaikumus salam. Ai can takura ke taruwa, ɗana, aikinka ya yi kyau. Rage kaurin fallen, domin yawan layuka yana bin kauri. Ka koma hasken fitilar sodiyam mai launi ɗaya. A farin haske, layukan suna dusashewa bayan layi biyar ko shida.

Malama: Kada ka manta, bambancin manyan takura biyu (mafi girma da mafi ƙanƙanta a cikin fallen) kawai layin ke nunawa. Fara gwadawa nesa da bututu: a siririn bangon tanki mai siffar ganga, takurar kewaye ninki biyu ce ta ta tsawo.

Ɗalibi: Na gode, Baba. Malama, gobe da can zan fara.