Shawarwari kan binciken tushe a kimiyyar polima

An daɗe ana muhawara kafin malamai da ɗaliban kimiyyar polima (ilimin abubuwa irin su roba da leda) su daidaita kan abu guda game da binciken tushe, wato binciken neman sani ba don riba ta nan take ba: kada mai ba da kuɗi ya matsa wa mai bincike lamba sai ya faɗi ranar da riba za ta fito. Hujjarsu ita ce Hermann Staudinger, Bajamushen da ya ce a 1920 roba dogayen sarƙoƙi ce ta ƙwayoyin sinadari. Takwarorinsa suka yi masa ca, sai a 1953 ya karɓi kyautar Nobel. Ita kanta polietilin, wadda ake yin leda da ita, bisa tsautsayi aka same ta a kamfanin ICI na Ingila a 1933. Don haka suka ce gwajin da ya lalace ma a rubuta shi, kada a wanke kwalba a manta.

Batun gaba kuwa, yawanci sun karkata ga yadda za a warware sarƙar polima bayan an gama amfani da ita, tunda ledar fiya wata ta cika kwatoci. A nan na fi gamsuwa. Wasu suka ƙara da cewa a waiwayi ƙaro da sitacin rogo, polima ne da muke da su a gida.