Me ya sa finafinan fargaba na cikin teku suke riƙe mutum haka?

Mai Kallon Dare ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. A daren jiya na kalli Dead Calm, wanda Phillip Noyce ya ba da umarninsa a 1989, kuma har yanzu wani abu yana yi mini yawo a rai. Kusan daga farko har ƙarshe mutum uku ne kacal: wani hafsan sojan ruwa da matarsa, waɗanda suka fita teku domin su rage raɗaɗin rasuwar ɗansu, sai kuma baƙon da suka tsamo daga ƙaramin kwale-kwale, yana iƙirarin cewa gurɓataccen abinci ne ya kashe abokan tafiyarsa. Babu runduna, babu tseren motoci, amma ko ruwa ban iya tashi na sha ba. Tambayata ita ce, tunda babu fili mai faɗin teku a duniya, me ya sa na ji kamar an kulle ni a ɗaki? Gwanintar darakta ce, ko kuwa tekun ne da kansa?

Tsohon Matuƙi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Faɗin da kake gani shi ne makullin. A tudu, wanda ake bi yana da maƙwabci, yana da hanya, yana da jami'an tsaro da zai kira, don haka dole marubuci ya ɓata lokaci yana toshe waɗannan ƙofofi ɗaya bayan ɗaya kafin mai kallo ya yarda cewa an rutsa da jarumin. A teku kuwa, an toshe su tun kafin labari ya fara, domin duk inda ka juya ruwa ne, kuma wanda kake tsoro yana kwana taku biyar daga inda kake kwana.

Darakta Alfred Hitchcock ya gane wannan tun 1944, lokacin da ya shirya fim ɗin Lifeboat, inda ya tara waɗanda suka tsira daga jirgin da Jamusawa suka nutsar cikin kwale-kwalen ceto guda, sannan ya jefa musu wani Bajamushe a tsakani. Ba su yarda da shi ba, amma shi ya fi kowa sanin teku. A ganina nan ne zuciyar irin wannan fim take: rayuwarka ta rataya a hannun wanda ba ka aminta da shi ba.

Uwar Biyu ta amsa:

Malam Matuƙi, na yarda da rabin maganarka, amma ina ganin ka rage wa darakta haƙƙinsa. Da teku kaɗai ya isa, da duk fim ɗin da aka ɗauka a kan ruwa ya yi armashi, alhali da yawansu barci suke sa mutum.

Ku tuna wurin da, a Dead Calm, mijin ya je duba jirgin da baƙon ya baro, ya maƙale a cikinsa yana nutsewa sannu a hankali, baƙon kuma ya gudu da matar a nasu jirgin. Na'urar sadarwar da mijin ya samu ba ta iya aika murya, sai dai ya riƙa danna maɓalli, matar tana jin ƙas-ƙas a nata ɓangaren, tana yi masa tambaya cikin raɗa don kada baƙon ya ji. Wannan ɗan sautin ya fi kowane kiɗa tayar mini da hankali, domin duk lokacin da ya yi jinkiri sai in ɗauka ruwa ya riga ya shanye shi. Nicole Kidman, wadda ta fito a matsayin matar, kuma a lokacin ba ta daɗe da haura shekara 20 ba, da idanu ta yi yawancin aikin. Abin da ya ɓata mini rai shi ne ƙarshen, inda mugun ya sake ɓullowa bayan matar ta riga ta yi maganinsa, don kawai mijin ya harbe shi da wutar neman agaji. Ita ta sha wahalar, aka ba wani ladan.

Ɗan Bayan Kyamara ya amsa:

Hajiya ta taɓo gaskiya, sai dai ina so in ƙara cewa wani lokaci tekun ne yake tilasta wa darakta ya zama gwani. Ɗaukar fim a kan ruwa azaba ce: haske yana sauyawa, igiyar ruwa tana karkatar da jirgin kyamara, wani jirgi kuma yana iya ratsowa ta baya ya lalata aikin rabin yini. Lokacin da darakta Steven Spielberg yake ɗaukar Jaws, fim kan wani ƙaton kifin shark mai cin mutane, wanda ya fito a 1975, ya dage sai a ainihin teku, kusa da tsibirin Martha's Vineyard a Amurka, ruwan gishiri kuwa ya yi ta lalata injin kifin da suka ƙera. Aikin da aka tsara wa kwana 55 ya kai kwana 159. Da ya rasa kifin da zai nuna, sai ya koma nuna ganguna masu launin ruwan ɗorawa da aka maƙala wa kifin suna gudu a saman ruwa, mai kallo kuma ya ƙarasa sauran da zuciyarsa.

Mai Kallon Dare ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, jama'a. Hajiya, ni ƙarshen bai dame ni ba a jiya, amma yanzu da kika faɗa, zan sake kallon minti goman ƙarshe in gani ko zan iya kare shi.