Kwana biyu a Las Vegas: abin da waɗanda suka je suka ce

Wani ɗan'uwa da taro zai kai Las Vegas, a jihar Nevada ta Amurka, ya nemi shawara, waɗanda suka san garin kuwa suka yi ta ba shi.

Zafi aka fi jan kunnensa a kai. Garin yana cikin hamadar Mojave, a watan Yuli zafi kan wuce digiri 40, iskar kuma busasshiya ce, gumi na bushewa kafin ka ji shi. Kada gorar ruwa ta bar hannunka. Babban titin otal-otal da ake kira Strip ya kusa kilomita 7. Gini zai yi maka kamar ga shi nan kusa, sai ka yi rabin awa kana tafiya. Motar bas mai suna Deuce tana bin titin dare da rana.

Kan caca bakinsu ɗaya, ni ma ina tare da su: an tsara wasan ne don mai gidan ya ci riba. Matsalar ita ce a yawancin otal-otal sai ka ratsa tsakanin injinan caca kafin ka kai ɗakinka, ba taga, ba agogo a bango. Ka wuce abinka. Rawar ruwan gaban otal ɗin Bellagio, wato ruwan da ake fesawa sama yana bin kiɗa, kyauta ake kallo.

Wani ya ce a tambayi ƙarin kuɗin da otal ke ɗorawa kowane dare kafin a biya. In da sauran rana guda, madatsar ruwa ta Hoover ba ta kai awa ɗaya a mota ba.